Mahaucin da Ya Tafi Neman Hanta Mai Ciwo

Labbo taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da ikon yin fushi. Ni Kamalu shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a firamare kafin in ajiye alli. Shi ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Amma a kasuwar Isa in ka ce Malam Kamalu sai an tambaye ka wanne daga ciki, in kuwa ka ce Labbo mai hanta, har awakin bakin mayanka sun san rumfar. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

A Kamarawa aka haife shi, a gidan fawa. Ya gaji wuƙa, ya gaji babbar murya, sannan ya ƙara da wani abu nasa na kansa, wato sanin hanta. Da babban yatsa yake gane ta, dannawa ɗaya. In ta yi laushi, tana sheƙi, launinta ja mai duhu, sai ta hau faranti. In ta yi tauri, ko fararen jijiyoyi sun ratsa ta, sai ya haƙa rami a bayan mayanka ya binne, ko kare ba ya yarda ya ci. Abokan sana'a sun sha ba shi shawara ya yanke inda ya lalace ya sayar da sauran. Ba zan iya rubuta amsar da yake ba su ba, don akwai tsofaffin ɗalibaina cikin masu karatu.

Matarsa Fatu 'yar Burkusuma ce, daga gidan masu kai kaya Nijar. Siririya ce mai yawan dariya, kuma duk naman duniya ba ta son komai sai hanta. Kullum Labbo zai tashi daga kasuwa sai ya yanko siririn gefen hantar da ta fi kyau a ranar, ya gasa, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda ya jefa a aljihun hagu. Shekara ashirin da ɗaya yana yi. Babu rigarsa ko ɗaya da ba ta da tabon mai a wannan aljihun, har ta sallah. Mun yi masa tsiya har mun gaji, shi kuwa sai ya buga aljihun ya ce mu je mu yi haushinmu can.

Sai Fatu ta fara rama. Idanunta suka yi ɗorawa, cikinta ya kumbura. Wata rana Labbo ya danna mata ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ji irin taurin da ya saba binnewa. A Sakkwato likita ya ce ciwon dajin hanta ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ba ta kai wata huɗu ba Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki wata tsohuwa, daga bayan zana, ta ce mace ta shekara ashirin tana cin hanta kullum, ai dole wata rana a gamu da mai ciwo. Ba da mugunta ta faɗa ba, bakinta ne ba shi da linzami. Amma Labbo ya ji. Bayan sadakar arba'in ya ja ni gona, ya tsaya a tsakiyar kunya ya ce, "Kamalu, ko ni nik kashe ta? Ko wata rana yatsana yai kuskure, nik kai mata ciwo da hannuna?"

Na ce masa wannan zancen banza ne. Ya ce, "Kai lissahi kas sani." Sannan ya sa na rantse ba zan gaya wa 'ya'yansa ba. Likita ma bai iya tambaya ba, don tsoron kada a ce masa e.

Kada a ɗauka Labbo ya koma mai zaman tagumi. Ya ci gaba da zagin masu taya nama da rowa, yana yi wa Fulani ba'a, yana halartar kowane suna. Aure ne kawai ya ƙi sakewa. Sai dai ya samu wata tambaya da yake zagayawa da ita, wadda ke kusa da ta gaskiyar amma ba ita ba: "Mi ka sa hantar mutum ta lalace?" Ya tambayi malamin dabbobi, ya tambayi mai kemis, ya tambayi wani direban tanka don kawai yana sanye da tabarau. Kowa ya ba shi amsa, babu wadda ta zauna masa.

Wadda ta ɗauki tambayar da gaske ita ce autarsa Zulaiha, wadda yake kira Inno saboda sunan mahaifiyarsa ne da ita. Shekararta goma sha ɗaya lokacin rasuwar. Ni na koya mata lissafi, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye. Ta yi sakandare, ta yi jami'a a Sakkwato, ta karanci ilmin sinadaran jiki, daga nan ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar Sin, a wani ɗakin bincike da ba su da aiki sai ciwon dajin hanta. Ranar da za ta tafi Labbo ya riƙe jakarta ya ce, "Inno, kada ki dawo sai da amsa." Ita ta ɗauka wasa ne irin na uba. Ni na san rayuwarsa ce ya damƙa mata.

Shekara uku ana gaisawa ta waya lafiya lau. A ta huɗu sai ga saƙon murya, muka saurara tare a rumfa. Muryarta a shaƙe. Ta ce aikin ya ƙi, abin da take nema a cikin hanta ta kasa ganinsa, ta gwada ta sake gwadawa har ta gaji, tana tunanin tattara kayanta ta dawo gida ta nemi koyarwa.

Labbo ya sa na maimaita masa saƙon sau uku. Ya ci gaba da wasa wuƙa. Can sai ya ɗago ya ce, "Na gane. Hanta mai kyau suka ba ta."

Na ce ban fahimta ba.

"Kai dai ba ka da kai. Yarinya na biɗar ciwo, an aje mata lahiyayyar hanta, ina za ta gane shi? Mutanen can mi sunka sani ga hanta? Shekara arba'in ina binne abin da ɗiyata ka nema!"

Ya kamata a nan in ce na hana shi. Ban hana ba. Gaskiya maganar ta yi mini kama da hankali, har na ji haushin ba ni na fara tunaninta ba.

Matsalar ita ce duk dabbar da Labbo ya zaɓa lafiyayya ce, don idonsa ba ya kai shi ga wata. Sati biyu yana buɗe ciki yana tsaki, hanta sai sheƙi take yi. Don haka ya yanke shawarar zuwa Turba wurin Sodangi, Bafulatanin da yake sayen tumaki a hannunsa tun suna samari. Lokacin 'yan bindiga sun lafa, hanya ta ɗan yi sauƙi, masu mashin suna zuwa da hantsi su juyo kafin la'asar. Muka hau mu biyu bayan ɗan acaɓa, ni da farin kaftanina, don ban san abin da ke jirana ba.

Sodangi ya yi murna, aka kawo fura da nono, ya sa aka koro manyan ragunansa, farare tas, wuya kamar turmi. Labbo ya wuce su ko kallo babu. Ya zagaya garken yana buɗe idon wannan, yana shafa haɓar waccan, fuskarsa a murtuke. Daga ƙarshe ya ce, "Sodangi, ba ka da wadda ka shirin mutuwa?"

Sodangi ya ajiye sandarsa a hankali. "Labbo, mi nai maka? Shekara hamsin muna tare, yau kaz zo gaban iyalina kana biɗar mushe cikin bisashena?"

Da ƙyar na shiga tsakani na yi bayani, cewa don karatun Zulaiha ne, kuma a ƙasar Sin ake jira. Jin haka Sodangi ya sauko, har ya fara alfahari. Ya ce shi dai garkensa babu mai ciwo, Allah ya kiyaye, amma akwai wata tsohuwar tunkiya ta wani ɗan'uwansa da ta yi rani a fadama, yana iya tambaya. Ya shiga bayan rugarsa, bai yi minti biyu ba ya fito da ita. Ɗan'uwan nan har yau ba mu gan shi ba.

Tunkiyar ƙashi da fata ce, cikin idonta fari fat, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. Labbo ya dube ta kamar an ba shi kujerar Makka. Sodangi ya ce kyauta ce, da sharaɗin kada a ji a kasuwa daga inda ta fito. A kan cinyata aka ɗora ta muka kamo hanya. Kafin mu iso Isa ta yi mini abin da ta yi a kaftani har sau biyu, Labbo yana bayana yana ce mini in riƙe ta da mutunci, ta fi ni amfani ga ilmi.

Washegari da safe ya yanka ta. Hantar ta yi tauri, fararen hanyoyi sun cika ta, da ya tsaga sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna motsi. Labbo ya yi kabbara har mahautan da ke kusa suka taso a guje. Naman ya binne. Hantar kuwa muka sa a bokitin roba mai murfi. Ni na kawo shawarar a zuba gishiri, ni na kuma rubuta sunan Zulaiha a jiki da Turanci, da mafi kyawun rubutuna.

Muka ɗauki bokiti sai Sabon Birni, shagon Ɗanmusa, mai sayar da kayan gyaran mashin wanda ke zuwa ƙasar Sin saro kaya sau ɗaya a shekara. Ɗanmusa ya ɗaga murfin, ya rufe, ya fita waje ya sha iska, ya dawo ya ce ko 'yarsa ce ta cikinsa ba zai shiga jirgi da wannan ba. Labbo ya kira shi matsoraci ɗan matsorata. Da rigima ta yi tsawo Ɗanmusa ya ce to a kira mai kayan ta waya mai hoto, in ta ce a kai, zai kai.

Zulaiha ta bayyana cikin farar riga, ta rame, idanunta sun faɗa. Labbo ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya soko hantar da tsinke ya ɗaga ta gaban wayar. "Inno, diba! Ga irin wadda kika biɗa. Ki bar wahala da ta mutanen nan."

Ta ƙura ido. Sai ta toshe baki. Sai dariya ta ƙwace mata, irin ta uwarta sak, har ta zame daga kujera muka koma kallon rufin ɗaki. Abokan aikinta suka taru, wani mai tabarau ya roƙi a matso da wayar ya ga tsutsar da kyau. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, wagga tsutsar hwadama ta, ba ciwon daji ba ne. Kuma ni ba guntun hanta nika aiki da shi ba. Ƙwayoyin da anka gina hanta da su nika renowa cikin ɗan hwaranti, ido bai ganin su sai da madubi mai ƙara girman abu."

Labbo ya sauke tsinken. Ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba. Ya ce, "To ba ta da amfani ke nan."

Ta tambayi inda ya samo ta. Ni na ba da labari: Turba, a kan mashin, da shekarunsa saba'in da ɗaya, a wannan hanyar da kowa ya san halinta. Na haɗa har da kaftanina, don a san ba shi kaɗai ya sha wuya ba. Dariyar Zulaiha ta tsaya. Ta share ido da hannun riga, sannan ta ce, "Baba, za ni ƙara shekara guda."

A kasuwa Labbo yana ba da labarin kamar bokitinsa ne ya warware binciken. Ƙarya yake yi. Bokitin a bayan shagon Ɗanmusa aka binne shi. Abin da ya faru, kamar yadda ita ta gaya mini, shi ne furotin ɗin da take bi, wani sinadari ne cikin dubban da ke aiki a cikin ƙwayar hanta, ta liƙa masa wata alama mai hasken kore don ta riƙa ganinsa, ashe alamar ta toshe daidai gefen da yake kama 'yan'uwansa da shi. Da ta mayar da ita ɗaya gefen, sai abin ya fito. Wata goma sha ɗaya ya ɗauke ta. Amma da ta dawo gida a wancan lokacin, da babu wanda zai mayar da alamar, wannan kam na ba shi.

Zulaiha ta iso gida da kaka, ana cikin yankan gero. Gida ya cika, yayyenta suka zo da 'ya'yansu, aka yi kwana biyu ana cin tuwo ana hayaniya. Rana ta uku da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta buɗe kwamfuta, ta kira ubanta. Ni ba a kira ni ba, amma na zo.

Allon baƙi ne, da wata da'ira a tsakiya, cikinta ɗige-ɗige kore suna rawa. Muna kallo biyu suka matso, suka taɓa juna, suka zama ɗaya babba.

Labbo ya zabura. "Idon mai! Wanga ai idon mai na bisa romo!"

"Shi na, Baba," in ji ta. Ta ce da'irar nan tsakiyar ƙwayar hanta ce guda ɗaya, inda aka ajiye rubutaccen umarnin da jiki ke bi. A ƙwaya mai lafiya furotin ɗin nan a warwatse yake, ba shi da ƙarfi. A mai ciwon daji sai ya yi yawa ya taru, ya ware daga ruwan da ke kewaye da shi ya zama ɗigo. Ɗigon sai ya sauka daidai kan umarnin da ke cewa a girma a rabu biyu, ya jawo duk masu karanta umarni zuwa wurin, su yi ta karantawa babu tsayawa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har a samu taurin da yatsa ke ji.

Ta nuna mana hoto na biyu, inda ta cire wa furotin ɗin gefen da yake kamawa. Koren ya bazu ko'ina, babu ɗigo ko ɗaya, kuma ta ce ƙwayoyin sun rage saurin girma ƙwarai. Na tambaya ko magani ke nan. Ta ce a'a, da sauran tafiya mai nisa, amma yanzu an san wani wuri da za a nufa.

Labbo ya gyara zama ya ce, "To mi ka tara su tun hwarko?"

Ta ce rauni ne na shekaru. Mafi yawa ƙwayar cutar hanta ce da mutum kan ɗauka tun yana jariri bai sani ba, wani lokaci kuma da dafin funfunar da ke fitowa a gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi. Ta ce ta nemo takardun asibitin mahaifiyarta tun tana jami'a, cutar tana ciki a rubuce. Ta sa yayyenta duk sun yi gwaji, ɗaya ne aka samu da ita, yana ganin likita, hantarsa lafiya lau.

Labbo ya ce alhamdu lillahi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya tambaye ta ko can ana samun gero. Na dube shi, tsoho mai zagin kasuwa guda, ya zo bakin abin da ya jira shekara goma sha tara yana tambayar gero. Raina ya ɓaci. Na ce, "Zulaiha, ubanki cewa shika yi shi yak kashe uwarki. Wai hantar da shika kai mata ce da ciwo." Na yi azumin kaffarar rantsuwata daga baya, kwana uku, kuma ban yi nadama ba.

Zulaiha ta rufe kwamfutar. Ta durƙusa a gabansa ta kama hannunsa biyu. "Baba, tun yaushe?"

Ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ciwon daji ba shi bin nama shi shiga jikin mutum. Ko kuskure kay yi, ko sau ɗari, ba shi ba ne. Abin da yat tahi da Inna na jikinta tun kahin ka san ta."

"Kin tabbata, Inno?"

"Na tabbata."

"Ba don ki sanyaya min rai ba?"

"Baba, shekara biyar ina kallon abin nan da idona. Ba kai ba ne."

Ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka mai sauti, har mata suka leƙo daga madafa. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido. Sannan ya miƙe, ya fita ba takalmi, ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwala wa mai kalangun mahauta kira da muryar nan tasa, alhali ba ranar kasuwa ba ce, ba kuma biki ake yi ba. Makaɗin ya zo da gudu yana tambayar wa aka haifa. Labbo ya ce shi dai ya buga. Ya yi rawa a tsakiyar titi, yana juyi yana tangaɗi, jikoki suka shiga, mahauta suka baro rumfuna da wuƙaƙe a ƙugu suka shiga ba tare da sun san dalili ba, Zulaiha tana bakin zaure tana dariya tana share hawaye.

Da numfashinsa ya ƙare ya zo ya zube kusa da ni a kan dakali, gumi yana zuba. Na shirya jin zagi kan rantsuwar da na karya. Sai ya dafa gwiwata, yana haki, ya ce, "Kamalu, ashe daɗi kaɗai nika kai mata."